Baka mai kunama: Yadda mafarautan Amurka ke zaɓen baka da kibiyar harbin barewa

Da zarar watan Satumba ya yi nisa a Amurka, ganyen bishiyoyi ya fara sauya launi, shagunan sayar da kayan farauta kan cika da jama'a. A 'yan shekarun nan, da yawa daga cikin masu shiga shagunan baka mai kunama suke nema, wanda a Turance ake kira crossbow.

Baka ne da aka kwantar a kan ƙota irin ta bindiga. Mafarauci zai ja tsarkiya baya har ta maƙale, ya ɗora kibiya, ya kafa ƙotar a kafaɗa, ya yi saiti ta madubi, sannan ya danna kunama. Ba sai ya riƙe tsarkiyar da ƙarfin damtsensa yana jiran dabba ta tsaya ba, kamar yadda mai baka na gargajiya ke yi.

Wannan sauƙin ne ya jawo masa farin jini, kuma shi ne ke yaudarar sabbin shiga. Mutum kan iya koyon samun allon gwaji cikin yini ɗaya, amma kashe barewa nan take ba tare da an bar ta tana yawo da rauni a daji ba, wani abu ne daban.

Wani bincike da aka yi a sansanin sojin ruwa na Indian Head da ke jihar Maryland ya nuna girman matsalar. Daga 1989 zuwa 2006, mafarauta 104 sun samu bareyi 908 da kibiya, amma 162 daga ciki ba a gano su ba. Kusan ɗaya cikin biyar ke nan. Zaɓen baka da kibiya da tsinin da suka dace da juna na cikin abubuwan da ke rage wannan asara.

Me ya sa ake rububinsa?

A farkon ƙarni na 20, barewa mai farar wutsiya ta kusa ƙarewa a Amurka, inda ƙiyasi ya nuna waɗanda suka rage ba su wuce dubu 500 ba. Dokokin farauta da kuɗin kula da dazuzzuka ne suka farfaɗo da ita. Dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta tanadi a riƙa mayar da kuɗin harajin bindigogi da harsasai ga hukumomin kula da namun daji na jihohi, kuma a 1972 aka shigar da kayan baka da kibiya cikin tsarin.

Yau ana ƙiyasta yawan wannan barewa a kusan miliyan 30. Sun yi yawan da suke cinye amfanin gona, suna shiga unguwanni, suna kuma haddasa haɗurran mota masu tarin yawa a kowace shekara. Harba bindiga kusa da gidajen mutane na da haɗari, shi ya sa hukumomi ke ƙarfafa farauta da kibiya a irin waɗannan wurare.

Akwai kuma batun lokaci. A jihar Wisconsin, babban zangon farautar barewa da bindiga kwana tara ne kacal a watan Nuwamba, alhali mai kibiya na da dama daga tsakiyar Satumba har farkon Janairu. A Ohio, zangon kibiya kan faro a ƙarshen Satumba ya kai farkon Fabrairu.

A da, yawancin jihohi tsofaffi da masu naƙasa kaɗai suke bari su yi amfani da baka mai kunama a zangon kibiya. Arkansas da Ohio ne suka fara sassautawa tun cikin shekarun 1970. Michigan da Pennsylvania sun faɗaɗa damar a 2009, Wisconsin ta buɗe wa kowa a 2014, Minnesota kuma a 2023.

Doka kafin ciniki

Kafin mutum ya zaro kuɗi, abin da ya kamata ya fara karantawa shi ne littafin dokokin farauta na jiharsa, domin kowace jiha da nata sharaɗin.

Ana auna ƙarfin baka da nauyin da ake buƙata kafin a ja tsarkiyarsa. Ohio ta ce kada ya gaza fam 75, wato kimanin kilo 34. Wisconsin ta ce fam 100, Pennsylvania kuma fam 125, kimanin kilo 57. Har faɗin tsinin kibiya akwai ƙa'idarsa: a Ohio kada ya gaza kashi uku cikin huɗu na inci, a Pennsylvania kashi bakwai cikin takwas.

A jihar Oregon, doka ba ta yarda a harbi manyan namun daji da baka mai kunama ba. A Birtaniya kuwa, dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta farauta da kowane irin baka.

Nau'i uku, kowanne da halinsa

Nau'i na farko shi ne mai sauƙin ƙira: reshe biyu masu lanƙwasa da tsarkiya ɗaya, babu wani tarkace. Kamfanin Excalibur na Kanada ya yi suna a kansa. Ba ya yawan lalacewa, kuma idan tsarkiya ta tsinke mai shi zai iya sauya ta da kansa a daji. Aibinsa shi ne faɗi da wuyar ja, domin wasu kan haura fam 250.

Na biyu yana da ƙananan tayoyin ƙarfe a ƙarshen rassansa, waɗanda igiyoyi ke zagayawa. Tayoyin ne ke sa a samu gudu mai yawa daga baka ɗan siriri. Shi ya fi yawa a kasuwa. Sai dai idan igiyarsa ta samu matsala, yawanci sai an kai shi shago an matse shi da na'ura kafin a gyara.

Na uku shi ne wanda aka juya rassansa suna fuskantar gaba. Wannan ƙira kan dawo da nauyi tsakiyar ƙota, bakan ya zauna daidai a hannu, sannan tsarkiya ta samu doguwar hanya tana tura kibiya.

Wurin da mutum zai yi farauta ne ke raba gardama. Yawancin masu farautar barewa a gabashi da tsakiyar Amurka kan zauna ne a ɗan dandamalin da suka ɗaura a jikin bishiya, ko cikin ƙaramin tanti na ɓuya a ƙasa. A irin wannan matsi, baka mai faɗin inci 30 kan bugi reshe ko bangon tanti lokacin harbi, kibiya ta kauce. Wasu sabbin ƙira na kamfanoni irin su Ravin da TenPoint ba su fi inci shida zuwa bakwai ba idan an ɗana su.

Farashi kuma daga kimanin dala 300 ne zuwa sama da dala 3,000. Mai matsakaicin kuɗi ma na kashe barewa sarai. Abin da ƙarin kuɗin ke sayowa shi ne ƙarancin faɗi, kunama mai laushi, madubi mai kyau da sauƙin ɗanawa.

Gudu ba shi ne komai ba

Abin da kamfanoni suka fi tallatawa shi ne gudu. Yawancin bakunan yau na harba kibiya da gudun ƙafa 350 zuwa 400 a daƙiƙa ɗaya. A 2021 kamfanin Ravin ya fito da R500 mai gudun ƙafa 500, shekara guda bayan haka TenPoint ya fito da Nitro 505.

Amma lissafi na nuna cewa barewa ba ta buƙatar wannan duka. Kibiya mai nauyin giram 26 da ke gudun ƙafa 400 a daƙiƙa na ɗauke da ƙarfin da ya ninka fiye da sau uku abin da jadawalin kamfanin kibau na Easton ya ware wa dabba mai girman barewa.

Kuma duk gudun kibiya, ƙara ta riga ta isa. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, kibiya mai gudun ƙafa 400 kuwa mita 122 take ci. Harsashin bindigar farauta ya fi sauti gudu, don haka yakan sauka kafin dabba ta ji ƙara. Kibiya ba ta da wannan gata, ga shi baka mai kunama na da ƙara idan an sake shi.

Idan barewa na tazarar yadi 20, tsakanin jin ƙara da saukar kibiya bai wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. A yadi 50, ratar kan kai kimanin rubu'in daƙiƙa. Barewar da ta tsorata kan fara durƙusawa ne don ta samu ƙarfin zabura, kuma wannan ɗan lokaci ya ishe ta sauke jikinta, kibiyar da aka auna wa huhu ta sauka a gadon baya.

Shi ya sa masu koyar da farauta ke bai wa mutane shawarar kada su wuce yadi 30 zuwa 40, ko da a tallace-tallace ana nuna ana samun allo a yadi 100. Allo ba ya motsi.

Gudu mai yawa na da wani tsadar kuma: yana saurin cinye tsarkiya, yana kuma ƙara girman duk wani ɗan kuskure da ke jikin kibiya.

Wa zai ja tsarkiyar?

Baka mai fam 200 na nufin jan kimanin kilo 91. Akwai hanya uku ta ɗana shi. Ja da hannu zalla ya kusa zama tarihi, domin ban da wahala, hannu ɗaya kan fi ɗaya ƙarfi, tsarkiya ta karkace, kibiya ta tafi gefe.

Igiyar ɗanawa mai ƙugiya biyu na rage nauyin da rabi. Sai kuma ɗan injin da ake murzawa da hannu, wanda ke saukar da nauyin zuwa 'yan kilo kaɗan. Shi ne ya buɗe wa dattawa da yara da masu ciwon kafaɗa ko baya ƙofar wannan farauta.

Akwai tambayar da sabon shiga kan manta: yaya za a sauke bakan idan rana ta faɗi ba a harbi komai ba? Wasu bakunan na da injin da ke mayar da tsarkiya a hankali. Waɗanda ba su da shi, sai an tanadi kibiya ta musamman da za a harba a ƙasa mai laushi ko cikin jakar gwaji.

Kibiya ce ke yin aikin

Kibiyar wannan baka gajera ce, galibi inci 20 ko 22. A maimakon kyauro, ana yin jikinta da zaren kabon ko alminiyam. Ana auna nauyinta da wani ƙaramin ma'auni da ake kira giren, wanda guda 15 da ɗoriya ne ke yin giram ɗaya. Kibiyar da aka saba gani, haɗe da tsininta, kan kai giren 400.

Kowane kamfani na rubuta mafi ƙarancin nauyin kibiyar da bakansa zai ɗauka. Idan aka sa wadda ta gaza, ƙarfin da kibiya ba ta kwashe ba kan koma cikin rassan baka, su tsage.

Kibiya marar nauyi ta fi gudu, kuma ba ta saurin sunkuyawa ƙasa. Mai nauyi ta fi shiru, ta fi kutsawa, kuma ta fi jure karo da ƙashi. Dakta Ed Ashby, Ba'amurken da ya shafe shekaru yana gwajin kibau a kan manyan namun daji a Afirka ta Kudu da Ostireliya, ya yi fice da ra'ayin cewa kibiya mai giren 650 zuwa sama ce ke fasa ƙashi mai kauri. Barewa ba ɓauna ba ce, don haka mafarauta da yawa kan tsaya a tsakiya, tsakanin giren 400 zuwa 500.

Ana kuma so nauyin ya rinjaya gaba. Wasu kan sa ɗan ƙarfen tagulla a bakin kibiya kafin su ɗaura tsini, domin kibiyar da kanta ya fi nauyi ta fi tafiya a miƙe.

Abin da ya fi ƙanƙanta a jikin kibiya, kuma ya fi jawo ɓarna, shi ne 'yar robar da ke gindinta, inda tsarkiya ke bugawa. Akwai shafaffiya, akwai mai siffar jinjirin wata, akwai kuma waɗanda kamfani ya ƙera don bakansa kaɗai, kamar na Ravin da ke maƙalewa a jikin tsarkiya. Idan aka sa wadda ba ta dace ba, ko aka juya ta ba daidai ba, tsarkiya kan tsallake ta saman kibiya ko ta ƙasanta. Hakan daidai yake da sakin baka babu kibiya, abin da kan iya tarwatsa shi a gaban fuskar mai shi.

Da yawa kan zaɓi roba mai ɗan fitila da ke kamawa da zarar an harba. Tana nuna inda kibiya ta shiga, tana kuma sauƙaƙa nemanta cikin ciyawa.

Tsini: tsayayye ko mai buɗewa?

Maharban gargajiya a ƙasar Hausa sun dogara da dafin da suke shafa wa kibiya, don haka ko ƙaramin rauni kan kayar da dabba. A kusan dukkan jihohin Amurka dafi haramun ne. Kibiya na kisa ne ta hanyar yanke jijiyoyi da zubar jini. Saboda haka kaifin tsini da wurin da ya shiga su ne komai.

Tsinin farauta na da reza biyu zuwa huɗu, nauyinsa kuma giren 100 ko 125, wani lokaci 150. Iri biyu ne.

Tsayayye, rezojinsa a buɗe suke kullum. Ba shi da abin da zai ƙi aiki, kuma ya fi kyau idan an ci karo da allon kafaɗa. Matsalarsa ita ce a gudu mai yawa rezojin kan kama iska kamar fukafukai, su karkatar da kibiya.

Mai buɗewa kuwa rezojinsa a naɗe suke yayin tafiya, sai ya taɓa jikin dabba su baje, faɗin yankan ya kai inci biyu. Yana tafiya daidai, yana kuma barin jini mai yawa da ke sauƙaƙa bin sawu. Sai dai buɗewar na cin ƙarfi, kuma idan ba wanda aka ƙera don baka mai kunama ba ne, girgizar harbi kan buɗe shi tun yana iska.

Ko wanne aka zaɓa, ƙa'idar ɗaya ce: a gwada shi a allo kafin ranar farauta, domin sau da yawa ba ya sauka inda tsinin atisaye ke sauka. Rezar da aka harba a allo kuma ta dakushe, ba a kai ta daji sai an wasa ko an sauya.

Madubin saiti ma da nasa aikin. Yana da layuka na yadi 20 da 30 da 40 zuwa sama, amma an tsara su ne bisa wani gudu. Wanda ya sauya zuwa kibiya mai nauyi dole ya sake daidaita madubin, ya harba a kowace tazara ya gani da idonsa.

Yatsu da tsani

Raunin da aka fi sani a wannan baka shi ne na yatsa. Idan babban yatsa ya ɗago ya shiga hanyar tsarkiya lokacin harbi, tana iya yanke shi. Sabbin ƙira na da makari a gefen ƙota don hana hakan, kuma yana cikin abin da mai saye zai duba.

Faɗowa daga bishiya na cikin manyan abubuwan da ke raunata mafarautan barewa. Ana ɗana baka ne a ƙasa, a sa makullin kunama, a hau bishiya da ɗamarar kariya, sannan a jawo bakan sama da igiya. Ba a ɗora kibiya sai an zauna daram.

Bayan an danna kunama

Inda ake auna wa barewa shi ne bayan ƙafar gaba, wurin huhu da zuciya, fili mai faɗin ɗan faranti, kimanin inci takwas zuwa goma. An fi so ta tsaya a gicciye, ko ta ɗan juya baya kaɗan. Idan kibiya ta ratsa huhu biyu, barewa kan faɗi cikin 'yan daƙiƙoƙi, galibi ba ta wuce yadi 100 ba.

Kibiyar da aka tsinta ita ce ke ba da labari. Jini mai haske da kumfa alamar huhu ce, a jira rabin sa'a a bi sawu. Jini mai duhu alamar hanta ce, a ba ta sa'o'i huɗu ko fiye. Idan aka ga kore-kore da wari, tumbi aka samu, sai a haƙura sa'o'i takwas zuwa 12. Wanda ya yi gaggawa zai tashe ta daga inda ta kwanta, ta yi nisan da ba za a sake ganinta ba.

Ce-ce-ku-cen da bai ƙare ba

Ba kowa ke maraba da wannan baka ba. Masu baka na tsaye na ganin an ba su dogon zango ne saboda wahalar makaminsu, don haka bai dace wanda ya zo da abin da ya yi kama da bindiga ya ci gajiyar zangon ba. Ƙungiyar Pope and Young, wadda aka kafa a 1961 kuma take adana tarihin manyan dabbobin da aka harba da baka, ba ta karɓar wadda aka kashe da baka mai kunama.

Masu goyon baya kuwa na nuni da cewa mafarautan Amurka na tsufa, kuma wannan baka na ba dattijo damar ci gaba da fita daji, yaro kuma ya fara da wuri. A Wisconsin, 'yan shekaru kaɗan bayan an buɗe wa kowa, bareyin da aka kashe da shi sun zarce waɗanda aka kashe da baka na tsaye.

Binciken Indian Head bai ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin makaman biyu wajen yawan bareyin da suka ɓace da rauni. Hakan na nufin nauyin ya koma kan mai riƙe da makamin: ya san iyakar tazarar da yake samun faranti a kowane harbi, ya shafa wa tsarkiya kaki, ya duba kowace kibiya ko ta tsage, kuma idan barewa ta tsaya nesa ko reshe ya gifta tsakaninsu, ya cire yatsa daga kunama ya bar ta ta wuce. A jihohi irin su Ohio, zangon ya fi wata huɗu, gobe ma rana ce.